Ɗan Yatsan Goggo Mai Wanki

Goggo mai wanki ta kai shekara talatin hannunta cikin ruwan sabulu. Ta aurar da 'ya'ya huɗu da wannan sana'a, sabulu kuma ya cinye zanen yatsunta tas, sun yi sumul kamar bayan cokali.

Ba ta damu ba sai da ta fara koyon karatu a ɓoye. Wata malama ke turo mata darasi ta waya, ita kuma ta naɗi muryarta tana haɗa baƙi da wasali ta mayar. Lambar sirrin wayar kuwa duk gidan an haddace ta, har da maƙwabciya. Rannan babbar 'yarta na neman hoto ta kunna muryar a gaban baƙi. Aka yi dariya. Goggo ta ce in aka sake jin muryar nan, ta bar karatun har abada.

Ta tafi wurin mai gyaran waya ya sauya lamba ya sa mata buɗewa da yatsa. Ya gwada babban yatsa, wayar ta ƙi. Ya gwada manuniya, ta ƙi.

"Goggo, ke fa ko ɓarawo ya sare hannun nan ya yi asara."

"Ɗan nan, rage surutu ka gwada na gaba."

Ƙaramin yatsan hagu kaɗai aka samu da sauran zane, don shi ne malalacin cikinsu. Sabuwar lambar kuma kafin ta iso gida ta manta ta, abin da ya ƙara wa wayar tsaro sosai.

Tun daga ranar take wanki da ɗan yatsan a sama, kamar mai shirin yin tambaya. Tana shafa masa mai safe da yamma. Sauran taran suna aiki.

Wata huɗu ana haka. Ran nan ta wanke labulen wani otal, ruwa ya jiƙa ɗan yatsan ya yi yaushi. Ta ɗora shi don ta buɗe wayar, wayar ta girgiza, wani rubutu ya fito. Da can sai ta nemi mai karanta mata. Wannan karon ta matso da wayar kusa da hanci, ta bi shi harafi harafi.

"Ba a... ga-ne... yatsa ba. Sa-ke gwa-da-wa."

Ta ɗago kai. 'Yarta na tsaye da bokiti, baki buɗe.

"Inna, ke kika karanta?"

"To wa kike gani a nan? Miƙo min tawul in goge, an ce in sake."