Sunan da Ba a Faɗa a Gidanmu

Mun tashi da asuba daga Makka, washegarin da muka kammala Umara a watan Sha'aban, ni da abokan tafiyata biyu. Su kasuwa ce ta kai su Jidda. Ni kuwa wata tsohuwa zan gani a unguwar Ruwais, wadda wani ɗan garinmu mai aiki a yankin masana'antu na Jidda ya gano jininmu ce. Hanya shimfiɗe kamar tabarma, ba rami ba shinge, har na yi gyangyaɗi. Mun tsaya mun karya da tamis, gurasarsu mai faɗi, da dafaffen wake. Wani abokina ya juya kuɗin zuwa naira, nan take ya ce ya ƙoshi.

Bari in faɗi abin da na ɗauko a zuciyata. Kakan babana, Habu, ya bar ƙauyenmu a ƙasa zuwa aikin Hajji dab da Yaƙin Duniya na Farko, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Jamus. Ya bar mata da ɗa na goye. Da Turawan Ingila suka ce kowane dagaci ya kawo 'yan dakon yaƙi, aka zo gidanmu, babba ba ya nan, sai aka ɗauki ƙanensa Sale. Sale bai dawo ba, Habu ma haka. Aka yanke a gida cewa Habu ya jiyo ƙishin-ƙishin ne ya gudu. Duk jajibirin azumi Baffa, wan babana, kan tara mu ya yi wa mamatan gida addu'a, suna bayan suna. Ba ya faɗin Habu, ba a kuma taɓa sa wa yaro sunansa ba. Ni ma haka na taso ina maimaitawa, ban taɓa tambaya ba.

Zafin Jidda mai ɗanko ne, iskar teku na manna maka riga a jiki. Jikan tsohuwar ya zo ɗaukata; in yi masa Hausa, ya amsa da Larabci, haka muka lallaɓa. Ya bi da ni ta tsohon gari, inda dogayen gidaje masu tagogin katako ke jingine da juna. Ya nuna min wajen teku, ya ce a wancan yaƙin Turkawa ke mulki a nan, sun kama hannun Jamus, jiragen ruwan Ingila kuma suka tsaya can suna harbowa. Ni karatuna bai yi nisa ba, abin da na gane shi ne manyan dauloli sun yi rikici kan ƙasa da ruwa, talakawan da ba su san sunayensu ba suka ɗauki kayan.

Tsohuwar, wadda nake ce wa Gwaggo, na zaune a kan darduma, ƙafafunta sun kumbura.

"Yalla, maza shigo, ɗana. Kai ne jikan na goye?"

Ta sa aka kawo tuwo da miyar kuka. Ta ce alhazai ke kawo mata kukar, kada in raina. Ta san kakanta Habu tana yarinya, ta kuma ba ni labarinsa. Yana gama Hajji teku ta rufe, ba jirgi, ba hatsi. Ya yi tallan ruwa don ya samu abin kai wa baki. Da yaƙi ya ƙare ya nemi komawa, aka ce yanzu sai da fasfo.

"Wanda ya zo da ƙafa, wa ya ba shi takarda? Halas, shi ke nan, ya zauna. Ɗansa na fari a nan ya sa masa Sale, babana ke nan. Wannan da ya ɗauko ka ma Sale ne. Kullum yakan ce, ƙanena na can yana riƙe min gida." Ta yi murmushi. "Ku a can, Habu nawa gare ku?"

A nan na yi abin da nake neman gafarar Allah a kansa. Da ma na yi shiru, ko na sassauta. Amma bakina ya riga hankalina. Na zayyane mata duka, har kalmar gudu ban rage ba. Gaskiya ita ce na daɗe ina son in faɗa wa wani na ɓangarensa, sai na sauke a kan tsohuwa mara lafiya, ina cin tuwonta.

Ta ajiye kofin shayinta. Ta kau da kai.

"Ashe ya rasu bai sani ba. Alhamdu lillahi da bai sani ba." Ta juyo. "Ka gaya wa Baffanka ba na son in mutu kakana yana waje. Ya sa shi a addu'a. In ma guduwar ya yi, ai shi ya fi bukata."

Da la'asar na tsaya bakin teku ina jiran abokaina. Ban san ko Habu ya gudu ba, ba kuwa wanda zai sani yanzu. Abin da tafiyar ta koya min shi ne an daɗe da binne waɗanda suka haɗa yaƙin, amma mu a gidanmu ba mu ajiye shi ba. Da muka rasa ikon riƙe Bature, sai muka riƙe ɗan'uwanmu.

Na dawo gida lafiya, na isar wa Baffa saƙo. "Na ji," kawai ya ce.

Ranar jajibiri muka taru a zaure. Ya jero sunaye har ya kai kan Sale, ya ja numfashi zai wuce. Sai na ce, "Da wansa Habu."

Baffa bai waiwayo ba, hannuwansa na sama. Na ɗauka zai kore ni.

"Allah ya jiƙansa," in ji shi. Muka ce amin.