Muryar Mavis da Babin da Ya Rage

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Nuwamba, Wilfred Threlfall ya bugo mini waya ya ce, "Enid, Mavis ta tafi." Ni kuma na buɗe baki na ce, "Ina?" Kin ji wautata, Mavis, har a ranarki ta ƙarshe. Mijinki ya ce kin rasu da hantsi a asibitin birni, ciwon dajin maƙogwaro ne. A wayar nan na fara jin sunan ciwonki, ni da nake ce wa mutane aminiyarki ce.

Malamar firamare kike kafin ki yi ritaya, rabin garin nan a bakinki suka koyi karatu. Da idanun Wilfred suka mutu sai kika koma karanta masa littafi, daga nan ƙungiyarmu ta masu raunin gani ta ba ki na'urar ɗaukar murya. Ki naɗa a gida, mu saka ran Talata a zauren coci. Ni nawa aikin dafa shayi ne da ɗauko waɗanda ba sa iya tuƙi, kuma ina cikin kwamitin mutum biyar da ke tafiyar da ƙungiyar.

Labaran da muke so duk iri ɗaya ne: a tsinci gawa a wani ƙauye mai tsabta, 'yan sanda su rasa ta inda za su fara, sai wata tsohuwar unguwar zoma da wani tsohon direban bas su gano makashin suna cin biskit. Ke kike yin muryar kowa. Kin iya muryar direban nan har wata baiwar Allah mai shekara tamanin da doriya ta tambaye ki ko yana da mata. Al'adarmu ita ce a kashe na'ura kafin babin ƙarshe, kowa ya faɗi wanda yake zargi, wanda ya dace ya ɗauki babban yankan kek. Da haka kanmu ya kumbura, muna ganin ba abin da zai wuce ta gabanmu ba mu gano ba.

Ban manta lokacin da mijina ya rasu ba. Kowa ya turo kati, ke kuwa kika zo da tukunyar miya, kika wanke kwanukan da suka taru, kika zauna kina karanta mini jarida har labarin farashin tumaki, don dai kada gidan ya yi shiru. Ba ki tambaye ni ko ina so ba, zuwa kawai kika yi.

Da bazara muryarki ta fara dusashewa. Mun lura, wallahi mun lura, kuma nan ne abin kunyar yake. Mun ga kina naɗa gyale a wuya ana zafi, mun ga kin daina taɓa kek, mun ga kowace Litinin kina hawa bas zuwa birni. Sai muka mayar da ke wasan Talata. Clive Ollerton, shugaban kwamiti, ya ce, "Taba ce. Ɓoyewa take tana zuƙa, ku rubuta ku ajiye." Ni na ce, "Haba Clive, ba ka san mata ba. Saurayi ta yi a birni, gyalen na kwalliya ne." Aka yi ta dariya, har na ji daɗin an yi dariyar maganata. Sau ɗaya na tambaye ki ya jiki, kika ce lafiya lau, 'yar mura ce. A garin nan idan mutum ya faɗi haka magana ta ƙare, wanda ya ƙara tambaya shi ne marar tarbiyya. Na fake da tarbiyya na koma kan butar shayina.

Da masu sauraro suka fara ƙorafin ba sa jin ki sosai, kwamiti ya zauna. Aka kawo shawarar a koma littattafan da ƙwararru suka riga suka karanta. Aka ce a ɗaga hannu, kuma nawa ne ya fara tashi. Ba wanda ya iya gaya miki gaskiya. Furanni muka kai miki da gwangwanin alewar tari, muka ce kin yi ƙoƙari, lokaci ya yi da za ki huta. Kika shinshina furannin kika ce, "Kai, sun yi kyau, kun wahalar da kanku." Clive ya karɓi na'urar tun da kayan ƙungiya ce, ya kulle ta a kabad ɗin coci tare da littattafan waƙa. A lokacin kina tsakiyar karanta wani littafi a kan mai kiwon zuman da aka kashe ranar gasar furanni.

Bayan jana'iza na tsaya a gidanku ina tattara kofuna, sai Wilfred ya gane tafiyata ya ce in zauna. Ya ce tun farkon shekara likitoci suka gaya miki muryar ce za ta riga ki tafiya, kuma ba abin da kika sa a gaba irin ki gama masa littafin nan, ya samu guda cikakke na ƙarshe da zai riƙa ji. Na ce don me ba ki nemi a dawo miki da na'urar ba? Ya ce, "Kin san ta. Cewa ta yi ba ta son ta dami kowa." Makonni suka wuce kafin maƙwabciya ta koya miki naɗa murya a waya. Kikan shiga kabad ɗin kaya ki rufe, ki yi karatu a tsakanin riguna don kada ƙarar titi ta danne ki. Makonnin nan da muka cinye miki su ne babin da ya rage.

Wilfred ya nemi a saka abin da kika naɗa ran Talata, ba wanda ya iya cewa a'a. Raɗa ce kawai, Mavis, amma har a raɗar ana gane direban bas. Ba wanda ya motsa cokali. Can kika tsaya a tsakiyar jimla, muka ji kin yi tari kin ce, "Tsoho, miƙo mini ruwa," sai shiru. Clive ya miƙe don ya tambayi wa ake zargi, kamar yadda aka saba, sai ya koma ya zauna. Wilfred ya juyo da fuskarsa wajenmu ya ce, "To, me kuke jira? Ba ku ne masu gano komai ba?"

Ni na karanta babin ƙarshe aka naɗa masa, don shi ya roƙa. Na yi tuntuɓe a sunaye, muryoyin duk suka zama ɗaya. Da na gama ya lalubo hannuna ya ce ya gode. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Yanzu duk lokacin da ya kunna littafin, ke za ki raka shi har bakin ƙarshe, sannan ya ji muryar wadda ta fara ɗaga hannu.

Ki yafe mana, Mavis, ni ce kan gaba a masu roƙo. Allah ya jiƙan ki, ya karɓe ki da rahama, ya ba ki hutun gaske. Wilfred, da 'yarku Rosalind da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri da juriyar wannan rashi, ya tsaya muku a gidan da ya yi shiru. Amin.