Zarton Malam da Hannuna

Mijina malamin firamare ne, ya yi shekaru yana koyarwa a Shagari. Da ya yi ritaya muka dawo gidanmu na Bodinga, sai ga shi wata rana ya sauko daga motar Sakkwato rungume da wani ɗan inji. Zarto ne mai aiki da lantarki, bakinsa siriri kamar tsinken tsintsiya, yana hawa yana sauka. Ba don sana'a ya saye shi ba. Sha'awa ce kawai da ya daɗe yana ɓoyewa.

Ya share ƙaramin ɗakin da ke kusa da zaure ya kafa shi. Zai zana fure ko dagi a takarda, ya manna ta a jikin katako da gam, ya huda rami a kowane gurbi, ya zura bakin zarton ta ciki ya ɗaure. In an kawo wuta, ko tuwo yake ci sai ya wanke hannu ya tashi. Nakan tsaya bakin ƙofa in ga yana juya katakon a hankali, dusar katako na taruwa a gemunsa. Abin da ya yanka kuwa rabarwa yake yi: madubin amare, akwatin ɗan kunne, dokin wasa na jikoki.

Wata damina ya faɗi a wurin alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta dawo masa sannu a hankali, ƙafa ma ta ɗan taka, amma hannun ya ƙi.

Kafin ciwon ya soma yi wa tsohon malaminsa na allo da ke Shagari kujerar ɗora Alƙur'ani, da katakon maɗaci. Rabi ya yanke. Da ya ɗan samu sauƙi, wata rana da hantsi ya kira ni ɗakin.

"Taho ki zame mini hannun dama," ya ce. "Ni in riƙa nan, ke ki riƙa can."

Muka gwada. Yana ja hagu, ina ja dama, bakin zarton ya tsinke da ƙara. Na ɗaura wani, shi ma ya tsinke.

"Kar ki tura shi! Wa ya ce ki tura? Bari haƙoran su ci da kansu, ke juyawa kawai za ki yi."

Bai taɓa ɗaga mini murya haka ba. Na sake ɗaurawa.

Mun yi makonni a haka. Da na fara gane abin, sai na lura hannunsa na hagu ne ke kauce wa layi, ba nawa ba. Ban faɗa ba. Amma wata rana ya gaji ya jingina da bango, ni kuma na ci gaba ni kaɗai, na zagaye wani ganye mai lanƙwasa ba tare da ya tsage ba. Na juyo da murna in nuna masa. Ya daɗe yana kallon ganyen, sannan ya kalli hannunsa da ke kwance a cinya.

"Ya yi kyau," ya ce. "Ƙarasa."

Daga ranar bai ƙara zama kusa da injin ba. Ni na ƙarasa, na goge da samfefa, na shafa mai.

Muka shiga bas zuwa Shagari. Tsohon ya karɓi kujerar yana shafa ramukan da yatsa, ya ɗaga ta ga haske.

"Alhamdu lillahi, ashe hannu ya dawo! Wanga aiki ya hi na da."

"Allah shi gafarta Malam," in ji mijina. Muka yi wa tsohon sallama.

A hanyar dawowa fuskarsa na wajen taga har muka sauka. Na so in ce da ban ƙarasa ba, na so in ce ai koyarwarsa ce, amma kowacce na auna sai in ji za ta ƙara masa ciwo.

Washegari ya sa na lulluɓe injin da buhu. Na roƙe shi ya bar ni in riƙa yi yana gyara mini, ya girgiza kai. Yanzu wuni yake yi a zaure, ba ya son hira. Da ƙaninsa na Danchadi ya rasa inda zai ajiye albasar rani, mijina ya ce a zuba a ɗakin zarton.