Zogalen Kande da Ramukan Duna

Abu biyu Kande ba ta so a duniya: tsakar gida mai datti, da karen mijinta Haladu. A Ɗanzomo suke zaune, tun shekarun da Turawa ke kafa turakun iyaka wajen Maigatari. Haladu manomi ne, da rani yakan taɓa farauta. Karen kuwa baƙi ne wuluk, ana ce masa Duna.

Laifin Duna ɗaya ne. Da bazara ta kama, sai ya tona rami a tsakar gida ya kwanta ciki. Kande ta cike, ta share, kafin ta juya ya sake tonawa. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin ya ɓaci ne ranar da maƙwabciyarsu Iya Lauratu ta shigo ɗibar wuta, ta ga ramin, ta riƙe baki.

"Kande, kare mai tona rami a cikin gida kabari yake nunawa. Ku rabu da shi."

Kande na da ciki wata bakwai a lokacin, ga shi na fari bai zo da rai ba. Tsoro ya kama ta ƙwarai. Da Haladu ya dawo ta ce, "Maigida, ko ni ko karen nan."

Haladu mutum ne mai sanyin hali har ya ba ka haushi. Ya ce ta yi masa haƙuri zuwa Juma'a. Kwana uku yana zaune yana kallon kare kamar wanda ya rasa aikin yi. A na huɗu, da rana tsaka, ya kira ta ya ce ta sa hannu a sabon ramin. Ta yi tsaki, amma ta sa. Ƙasar sanyi ƙalau.

"Duba inda yake tonawa," in ji shi. "Inda kike zubar da ruwan wanke-wanke ne. Zafi yake gudu, kamar ni da ke."

Hankalinta ya kwanta, amma Kande ba ta cikin masu yarda an fi su gaskiya. Ta ce ita dai ba za ta zauna da ramuka ba. Ta saro reshen zogale ta kafa a ramin, ta kewaye da ƙaya. Duna ya matsa gaba ya tona wani, ita ma ta kafa wani reshen. Haka suka yi ta yi, ba wanda ya gaji.

Damina ta sauka, rassan suka kama, Kande ta haifi Murja lafiya lau. Kafin shekara biyar gidan ya cika da inuwa, matan unguwa na zuwa roƙon ganyen kwaɗo. Har Iya Lauratu takan zo da ƙwaryarta, ba kunya.

Duna ya tsufa, ya daina tono, inuwa ta ishe shi. Har ya mutu Kande ba ta taɓa kiran sunansa ba, "karen nan" take cewa. Amma da Haladu zai ja shi bayan gari ya yar, sai ta tare ƙofa, ta miƙa masa fartanya, ta nuna gindin zogalen farko.

"Nan ya fi sanyi," in ji ta.