Mutumin da Ya San Fuskar Dikko

Har yau in aka ambaci Maharazu a unguwar Abu Hail, sai wani ya ƙwala, "Wannan ba Dikko ba ne!" a kwashe da dariya. Dariya ce wadda ya kamata mu yi ta kai a sunkuye.

Maharazu mutumin Gumel ne, ma'aikaci a ofishin jarrabawa na wata jami'a mai zaman kanta a nan Dubai. Sanyinsa ya kai in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri. Cutarsa ɗaya ce: ƙungiyar ƙwallon jami'ar, musamman Dikko, ɗan wasan gaba kuma ɗan gida irinmu. Shekara uku bai yi fashin wasa ba, shi ne ma mai ganga. Matarsa Barira ta ce lambar takalmin Dikko ya sani, tata kuwa sai ya tambaya.

A 2018 wani mai sa ido a jarrabawa ya kwanta ciwo, aka tura Maharazu. Yana duba jerin sunaye ya ga Dikko a kujera ta sha huɗu. Murna ta ɗebe shi, ya nufi wajen don ya yi masa fatan alheri. Sai ya tarar da wani dogo mai tabarau, katin Dikko a gabansa. Mai wayo zai haɗiye yawu ya wuce. Maharazu ya saki muryar filin wasa a ɗakin da ko tari ba a yi: "Wannan ba Dikko ba ne!"

Ashe shekara biyu ana haka. Hadi sunan mai tabarau, ɗalibi mai kai, kocin ƙungiya ke turo shi. Masu sa idon kuwa, in dai fuska baƙa ce kuma da kunne biyu, khalas, shi ke nan, ta yi daidai da hoto.

Saura mako biyu wasan ƙarshe. Mu 'yan kallo, masu digiri da tabon salla a goshi, muka haɗa takarda mai sa hannun mutum ɗari uku: kada a taɓa mana Dikko. Ko mutum ɗaya bai tambayi me Dikko ya koya a shekara ukun ba. Jami'ar, wadda hoton Dikko ke kan kowace tallarta, ta ji daɗin wannan kuka. Ta kafa kwamiti, kwamiti ya miƙa wa Maharazu takarda: ya rubuta cewa idonsa ne ya yaudare shi, Dikko ne a kujerar. Bizarsa da ta iyalinsa duk a kan aikin nan suke, kowa ya sani.

Labaran, shugaban 'yan kallo, ya tare shi a wajen mai shayi.

"Haba Malam, wa ya mutu? Yalla, maza sa hannu a wuce wurin."

"To in ce me na gani?"

"Ka ce ba ka gani ba! Mu duka ba makafi ba ne tun bara?"

Bai sa hannu ba. Sai kwamiti ya gano, cikin hikimarsa, cewa Hadi ne ya ɗauki katin don sha'awar kansa, wai akwai mai sha'awar rubuta jarrabawar wani. Aka kori Hadi saura zango ɗaya ya gama. Dikko ya buga wasa, koci yana nan daram. Da kwantiragin Maharazu ya ƙare, aka gode masa da kyakkyawan Turanci. Mu kuma muka ce taurin kansa ne ya ja wa Hadi.

Yanzu yana auna kanumfari a wani shago a unguwar Al Ras. Barira da yara sun koma Gumel.

Ran Juma'a Labaran ya leƙa shagon, ya ce, "Habibi mai ido! Da ka ce kuskure ka yi, da yanzu kana ofis cikin sanyin esi."

Maharazu ya ɗaure ƙullinsa tukuna. "Labaran, shekara uku ina kaɗa wa yaron nan ganga cikin ranar Dubai. Ko daga ƙeya na san shi. A kore ni, na yarda. Amma in rubuta da hannuna cewa ban san Dikko ba? Sai dai ku ku rubuta."