Ruwan da Ke Taruwa a Tiyo

Allah Ya karɓi abinSa. Matata, uwar 'ya'yana, ta rasu ranar Laraba, sha biyu ga wannan wata, cikin barcinta, ba ciwo ba jinya. Daga gare Shi muke, gare Shi za mu koma.

Hajiya, har yanzu abin bai zauna mini ba. Ni likita ya ce numfashina na ɗaukewa idan na yi barci. Ni aka saya wa na'ura mai turo iska ta tiyo zuwa takunkumin da nake ɗaurawa a hanci, wanda kika raɗa wa suna hancin giwa. Ni kowa ke tsoron wata rana a tashe ni in ƙi tashi. Sai ga shi ke kika riga ni.

Ban manta farkon zuwan na'urar ba. Iskarta mai ɗumi ce, ɗakin kuma da sanyi, sai tururin ya koma ruwa a cikin tiyo, ya yi ta ɓul-ɓul, ya gangaro mini hanci in farka a ƙware. Na yi fushi, na rantse na bar ta ke nan. Kika ce, "Malam, da in kwana ina ƙirga numfashinka, gara mu yi maganin ruwan nan." Kika sauke na'urar daga tebur zuwa wata guntuwar kujera, don ruwan ya riƙa komawa ƙasa. Kika yanke hannayen tsohuwar suwaitata kika ɗinka wa tiyon riga. Kika daina kunna fanka, ke da zafi ke hana ki sakat. Idan duk da haka ya fara ƙara, kafin in motsa kin cire shi kin zazzage kin mayar. Sai da safe ki yi mini tsiya, wai kin yi renon yara kin gama, yanzu kina renon tiyo.

Bayan an kai ki, 'yarmu Auta ta gyara ɗakin saboda masu gaisuwa. Ta ga na'ura a ƙasa, ta ɗora ta kan tebur don girmamawa. Ta ga tsumma a jikin tiyo, ta cire. Fanka kuwa ta wuni tana juyawa. Ban lura da ko ɗaya ba, hankalina ba ya jikina.

Da na samu barci ya ɗauke ni, ruwa ne ya tashe ni, cike da hancina. Na kasa jan numfashi, na kasa kwance takunkumin. Wallahi na ɗauka tawa ce ta zo. Na miƙa hannu gefenki ina kiranki, sai na dafa katifa.

Hajiya, tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Na mayar da na'urar kan kujerar, inda kika ajiye ta. Auta ta tono rigar tiyon cikin tsummokara tana kuka, tana cewa, "Baba, ka yafe mini, ban san Mama ce ta ɗinka ba." Ta ce za ta riƙa kwana a falo ta bar ƙofa a buɗe. Amma yarinyar nan in ta yi barci ko an ɗauke ta ba ta sani ba, ga ɗakin mijinta na jiranta. Yanzu da zarar magariba ta yi, gabana ke faɗuwa. Ashe ba na'urar ce take sa ni barci ba, sanin kina sauraro ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, shekarun nan duka kunnenki na kan numfashina. Ranar da naki ya tsaya, ina gefenki, na'ura na hura mini iska, ban ji komai ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanmu, da 'yan'uwanki, da duk wanda ya san alherinki. Allah Ya jiƙanki, Ya yafe miki, Ya yalwata kabarinki. Allah Ya ba ki barcin da na hana ki. Mu kuma Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu ƙarshen.