Ruwan da Ɗelu Ta Roƙa

Duk wanda ya zauna Madarumfa a shekarun nan ya san Ɗanlami mai mabuɗai. Masunci ne, dogo, siriri, ba ya dariya sai da dalili. Mabuɗi biyu ne rataye a wuyansa da igiyar taru, ko cikin tabki ya shiga ba ya cire su. Babban na ƙofar majami'a ne, ƙaramin kuma na wani akwatin ƙarfe ne da ke ajiye a lungun majami'ar.

Ni ne Sule, ƙanin matarsa Ɗelu. Uwarsa kuma ƙanwar babanmu ce, ka ga ke nan taubashina ne, ina da izinin tsokanarsa ta fuska biyu, kuma ban taɓa barin izinin ya lalace ba. Ni Musulmi ne, ban taɓa sha'awar addininsa ba. Amma na san yadda suke tafiyar da majami'ar nan tasu fiye da wasu masu shiga cikinta, don shekara da shekaru Ɗanlami na karanta mini dokokinta muna gyaran taru, ko na so ko ban so ba.

Bayan aurensu da shekara biyu ya tafi cin rani ƙasar Zariya. Ya shekara huɗu, ya dawo Kirista, ɗan ɗariƙar Angilika. Dangi suka yi ca. Babanmu ya je da kansa ya ɗauko Ɗelu, ta kwana uku a gida, rana ta huɗu ta ɗaure kayanta ta koma da ƙafarta. Sun haifi 'ya'ya uku, babu wanda ya kai yaye. Suka zauna su biyu, shi yana kamo kifi, ita tana soyawa tana sayarwa a bakin tasha.

Majami'ar ɗaki ɗaya ce ta laka da rufin kwano, a bayan gari ta hanyar Ɗan Issa. Masu zuwa ba su wuce talatin ba, yawancinsu 'yan Najeriya ne, teloli da masu gyaran babur, sai Hausawa 'yan kaɗan. Limaminsu, wanda suke kira Rabaran, daga ƙetaren iyaka yake zuwa a kan babur, sau ɗaya a wata biyu. In ba ya nan, kwamitin mutum biyar ke riƙe da komai. Kowace shekara bayan bikinsu na Ista jama'a ke ɗaga hannu su zaɓi biyar ɗin, ɗaya daga ciki ya zama Wakilin Jama'a, shi ke riƙe mabuɗai. Shekara goma sha ɗaya a jere Ɗanlami suke zaɓa.

Dokokin suna cikin wani littafin 'yan makaranta mai shuɗin bango, Rabaran na farko ne ya rubuta su da Hausa da hannunsa. Ashirin da biyu ne, Ɗanlami ya haddace su tas. Ba a yanke komai sai mutum uku na kwamiti sun zauna. Akwatin ƙarfe na Rabaran ne, ba mai buɗe shi sai shi. Baftisma, wato zuba wa mutum ruwa a shigar da shi addinin, aikin Rabaran ne. Maƙabartar da ke bayan majami'a, wadda aka kewaye da darni, ta waɗanda aka yi wa baftisma ce, sai fa in kwamiti ya zauna ya yarda da wani.

Wata damina iska ta ɗage kwano ɗaya daga rufin. Ga kwanon a ƙasa, ga ƙusa, ga guduma a gidana. Mako biyu ruwa na zuba a kan bencinan majami'ar, Ɗanlami ya ƙi a taɓa, wai biyu daga kwamiti sun yi tafiya, ɗaya ba lafiya.

Na ce masa, “Kai Ɗanlami, in gobara ta kama ɗakin nan, sai kun yi taro kahin a ɗebo ruwa?”

Ya ce, “Sule, mu 'yan kaɗan ne, kuma kowa da garinsu da harshensu. In kowa ya yi abin da ya ga dama, wata shidda ba mu kai.”

Ban ce ƙarya ya faɗa ba. Amma akwai ranar da abin ya daina ba ni dariya. Wani tela Bayarabe da ke cikin kwamitin, matarsa ta haihu, jaririn ya kwana tara ya koma, Rabaran bai zo ba. Kwamiti ya zauna. Ɗanlami ya miƙe ya karanta doka, ya ce in aka buɗe ƙofa yau ba a iya rufe ta gobe, hannuwa suka bi shi. Aka binne jaririn a wajen darni, taki biyu daga ƙaya. Telan bai yi musu ba, bai kuma ƙara yin magana a taro ba.

Ɗelu kuwa ta daɗe a tsakani. Da fari tana sallarta a ɗaki, Ɗanlami bai taɓa hana ta ba. Daga baya ta fara zuwa share musu majami'a ranar Asabar, wai don ta ga maza ba su iya shara ba. Sai ta fara zama a bencin ƙarshe ranar Lahadi. Shekara ashirin da wani abu da dawowarsa, ta ce masa tana son a yi mata baftisma. Na ji zafin abin, na gaya mata, ta ce, “Sule, inda mijina za shi, nan za ni.” Shi ya riƙa koya mata amsoshin da za ta ba Rabaran. Sai ka same ta tana juya kifi a kasko yana jefo mata tambaya, in ta yi kuskure ya ce a sake. Ta sayi farin yadi, ta ɗinka zane da riga, ta adana a ƙasan kwalla. Aka sa ranar Kirsimeti ta shekarar 1994.

A wannan shekarar ce aka karya darajar kuɗinmu sefa, ciniki ya mutu, 'yan Najeriya suka fara naɗe kaya. Telan nan na cikin na farkon tafiya. Kafin kaka kwamitin mutum biyar ya koma biyu, Ɗanlami da wata tsohuwa gwauruwa mai suna Kulu. Ba a iya zaɓen sababbi sai Rabaran na zaune. Shi kuma Rabaran aka canza masa wurin aiki, wanda zai gaje shi bai iso ba. Kirsimeti ta zo ta wuce. Aka aiko da wasiƙa ta hannun wani direba cewa sabon zai zo ranar Ista.

Bayan ƙaramar salla da kamar wata ɗaya sanƙarau ya shigo gari. Bazara ce mai zafi, asibiti ya cika har mutane na kwance a gindin itatuwa. Ranar wata Litinin Ɗelu ta dawo daga tasha da ciwon kai, kafin yamma wuyanta ya sanƙare. Muka kai ta aka yi mata allura, muka dawo da ita. Washegari da hantsi ina zaune bakin ƙofar ɗakin, shi yana ciki yana yi mata fifita, ta buɗe ido. Hankalinta garau, na rantse da Allah.

Ta ce, “Malam, ɗebo ruwa ka zuba mani. Na san amsoshin duka. Tambaye ni.”

Ya ce, “Ɗelu, ba ni da iko. Aikin Rabaran ne. Saura kwana goma sha biyu Ista.”

“Ba ni kai Ista.”

“Kina kaiwa, da yardar Ubangiji.”

“Malam, ba ni kaiwa. Ga randa nan.”

Na kasa haƙuri na sa baki. Na ce, “Ɗanlami, ni ban san addininku ba, amma ruwa ne fa ta roƙa. Zuba mata, mi za ya rage ka?”

Ya juyo, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, “In na zuba, wanka ɗai na yi mata, Sule. Ba ya karɓuwa. In ruɗe ta tana bakin mutuwa?”

Ya ɗebo ruwa a moɗa ya kai bakinta don ta sha, ta kau da kai. Ya ajiye moɗar, ya ari keke, ya nufi Ɗan Issa cikin ranar nan don ya sami direban da zai kai saƙo ƙetaren iyaka. Kafin ya dawo ta daina magana. Ana kiran azahar ta cika, yana kan hanya.

Na tafi wurin limamin masallacinmu da manyan danginmu. Suka ce ta bar mu da bakinta a gaban shaidu, ba su sallatarta, ba ta kwanciya cikin Musulmi. Na yi magiya, na yi zagi, babu wanda ya motsa. Har yau akwai waɗanda ba na gaisawa da su saboda wannan yinin.

Na dawo na same shi da Kulu a inuwar majami'a, littafin dokoki a buɗe a kan gwiwarsa. Zafi bai barin gawa ta kwana, kowa ya san haka.

Kulu ta ce, “Ni na yarda a sa ta ciki. Kai ka yarda. Wa za ya hana?”

Ya ce, “Mu biyu ne, Inna Kulu. Doka ta ce ukku.”

“To ga Sule.”

“Sule ba ɗan kwamiti ne ba.”

Na cakumi igiyar wuyansa, na jijjiga shi har mabuɗan na kaɗawa. Na ce, “Shekara nawa tana share maku ɗakin nan? Can sun ƙi ta, nan kai ka ƙi ta, ina kake so in kai 'yar'uwata?” Bai kare kansa ba. Ya ce a hankali, “Na hidda ɗan tela waje da bakina. In na sa tawa ciki ba taro, mi ni ke nan?”

Kulu ta yi mata wanka, ta naɗe ta cikin farin yadin nan na ƙasan kwalla. Ni da shi muka haƙa kabarin a wajen darni, kusa da na jaririn. Ƙasar ta yi tauri, muka yi ta sara. Mu uku muka binne ta kafin rana ta faɗi.

Ranar Ista sabon Rabaran ya iso, wani saurayi mai suna Istifanus. Na je na tsaya a waje, niyyata in gaya masa maganar da ba zai manta ba. Da suka tashi sujada aka fito da benci gindin itace, Ɗanlami ya miƙe ya ba da rahoton watannin da suka wuce, ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan Ɗelu. Bai ɓoye komai ba, har roƙon da ta yi da amsar da ya ba ta.

Rabaran ya ce, “Baba, ba ni ƙaramin mabuɗin.”

Aka kawo akwatin, ya buɗe, ya ɗaga fararen rigunan da Rabaran ke sawa, ya ciro wani littafin addu'o'i na Turanci. Ya buɗa wani shafi, ya fassara musu. Wai in mutum na bakin mutuwa kuma ba Rabaran a kusa, kowane mai bi na iya zuba masa ruwa ya faɗi kalmomin, kuma baftisma ce cikakkiya. Namiji ko mace, ko Inna Kulu ma na iyawa.

Ɗanlami ya ce, “Tun yaushe anka sa wagga doka?”

“Tun kafin a haifi kakanninmu, Baba. Wanda ya rubuta muku littafinku bai sa ta ba ne kawai.”

“Tana cikin akwatin ga?”

“Tana ciki.”

“Duk shekarun ga?”

Rabaran ya rufe littafin. Ni da na zo da zagi cike da baki, na rasa ko ɗaya. Na tsani Ɗanlami kwana goma sha biyu, a wannan lokacin kuwa tausayinsa ya kusa kayar da ni. Ya cire igiyar daga wuyansa, ya ɗora a kan benci, ya zauna a ƙasa.

A ranar aka zaɓi sabon kwamiti. Suka ɗaga masa hannu, ya ƙi karɓa. Abu na farko da suka yanke shi ne a matsar da darni ya haɗa da kabarin Ɗelu da na jaririn, aka kuwa yi kafin la'asar. Da aka gaya masa sai ya ce ya gode, amma ba darni ta roƙa ba.

Ya ƙara shekara huɗu a duniya. Bai daina zuwa majami'a ba, sai dai ya koma bencin ƙarshe. Bai ƙara karanta mini doka ba, ni ma ban ƙara tsokanarsa ba. Kullum in ya fito daga tabki da safe, kafin ya kai kifi tasha, sai ya cika moɗar nan da ruwa ya nufi bayan majami'a. Ko da bazara wurin ba ya rasa ɗanyar ciyawa.

Wata safiya na bi shi. Ya durƙusa a kan kabarin, ya kira sunanta, ya yi mata tambayoyin nan na bakin kasko, yana dakatawa bayan kowace. Sannan ya zuba ruwan sau uku.

Na ce, “Ɗanlami, wannan yana karɓuwa?”

Ya kakkaɓe moɗar, bai dube ni ba. Ya ce, “Na tambayi Rabaran. Ya ce sai mai rai.”